Ku Tambaya Mu Amsa: Dole Ne Mai Sunan Littafi Ya Zama Tauraro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, muna karanta wasan Julius Caesar na Shakespeare a aji, abin da ya ɗaure min kai shi ne tun a farkon kashi na 3 aka kashe Caesar ɗin, alhali wasan kashi 5 ne. To ya za a sa wa littafi sunan mutum kuma a kashe shi a tsakiya? Malaminmu ya ce Brutus, abokin Caesar da ke cikin waɗanda suka kashe shi, shi ne tauraro, ni kuma na ce ai mai sunan ne. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, wallahi na ji daɗin wannan tambaya. Malaminki yana da gaskiya, amma ke ma ba ki faɗi ƙasa ba. Idan tauraro ake nema, wato wanda muke bin zuciyarsa yana kai-kawo yana rasa barci kan ya yi kisan ko kar ya yi, to Brutus ne, shi ya fi kowa yawan magana a wasan ma. Amma koma ki duba bayan kisan, duk abin da ya biyo baya a kan Caesar yake: jawabin da Antony, na hannun daman Caesar, ya yi a gaban gawarsa yana ɗaga rigar yana nuna wa jama'a wuraren da wuƙa ta huda har gari ya rikice, yaƙin da aka gwabza, fatalwarsa da ta zo wa Brutus cikin tanti da dare, kai hatta lokacin da Brutus zai kashe kansa sunan Caesar ne a bakinsa. Kin ga mutumin ya mutu amma shi ke juya kowa. Abin da marubuci ke nufi kenan idan ya ɗora suna a bango, yana ce miki ga turken da aka ɗaure labarin, ba lallai ga wanda zai fi daɗewa a dandali ba.

A namu na Hausa sau da yawa abin yana zuwa daidai. Littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 da aka buga a 1934, ki ɗauki Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, tsohon mayaƙi ne ya zauna yana ba yara labarin gwagwarmayarsa da bakinsa, suna nasa labari nasa. Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa ya shiga warware musu. Amma ko a nan, ni dai a karatuna, wadda ta fi taɓa min zuciya mahaifiyarsa ce, matar da ta bar gida ta bi sahun ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare hamada, sai da ta sa shi a ido sannan rai ya yi halinsa. Ba sunanta a bango, amma duk wanda ya karanta littafin nan bai manta da ita ba. Shi kuwa Abubakar Imam a gasa ɗaya da su bai sa sunan mutum ba sam, abin da aka fita nema ya sa, Ruwan Bagaja.

TAMBAYA: Malam, gardama muke da abokina, ya ce Frankenstein sunan dodo ne, na ce a'a. A raba mu.

AMSA: Kai ka ci. A littafin Mary Shelley na 1818, Victor Frankenstein sunan saurayin da ya haɗa halittar ne, ita halittar ko suna ba a raɗa mata ba, kuma wannan rashin sunan yana cikin abin tausayin, wanda ya yi ta ya gudu ya bar ta tun daren farko. Finafinai ne suka sa mutane suka maida sunan kan dodon. Irin wannan ruɗanin yana faruwa da wasan Shakespeare mai suna The Merchant of Venice, wato Attajirin Venice, da yawa suna ɗauka attajirin da ake nufi Shylock ne mai ba da bashi tunda shi ya fi tsayawa a rai, alhali Antonio ne ɗan kasuwar da aka nemi yankar tsokar jikinsa. Akwai ma wanda ya fi wannan, wasan Waiting for Godot na Samuel Beckett da aka fara nunawa a Faris a 1953, mutum biyu ne suke ta jiran Godot a gindin wata bishiya, kullum sai yaro ya zo ya ce yau ba zai samu zuwa ba sai gobe, har aka rufe labule bai leƙo ba.