Lambar da ke jikin sarƙar jan tarakta

Wani mai noman shinkafa a Kura ya aiko da tambaya. Taraktarsa takan kafe a laka idan an sako ruwa, ya je Kofar Ruwa sayen sarƙa, ya ga an buga 4,500 lbf a jikinta, littafin taraktar kuma da kN yake magana. Yana so ya san ko sarƙar za ta ɗauka.

Malam, ka yi dabara da ka tambaya kafin ka ja. Wannan lbf ƙarfi ne da ake aunawa da laba, lissafin Amurkawa da tsofaffin kayan Ingila. Shi kuwa kN niyuton dubu ne, lissafin da yake tafiya da kilo da mita. Laba ɗaya ta ƙarfi niyuton 4.45 ce, kN ɗaya kuma kusan laba 225. Idan kana son ka ji shi a jiki, kN ɗaya nauyin buhun taki biyu ne da ɗan ɗoriya, wato kilo 102.

To raba 4,500 da 225, za ka samu kN 20, kusan tan biyu ke nan, sai ka gwada shi da kN ɗin da ke littafin taraktarka. A nan mutane suke faɗawa rami: su ga 4,500 su ɗauka kilo ne, su ba sarƙa aikin da ya ninka ƙarfinta sau biyu da 'yan kai. Kuma tarakta da ta nutse har ciki, laka na riƙe da ita, fizgar da direba zai yi ma tana ƙara wa sarƙar wahala. Ka tambayi mai shagon ko lambar ta aikin yau da kullum ce ko ta inda sarƙar ke tsinkewa, don tazarar da ke tsakaninsu babba ce. In ya kasa faɗa, ɗauki mai kauri. Ranar ja kuma a kori yara daga wurin, sarƙar da ta tsinke ba ta zaɓen wanda za ta doka.

Wani kuma mai lambun tumatir ya ce agogon injin feshinsa psi yake nunawa, takardar magani ta ce bar. Psi da bar duka awon ƙarfin matsin ruwan feshi ne, bar ɗaya psi 14.5 ne. Maganin ciyawa ana yawan fesa shi a wajen bar 1, psi 15 ke nan, don ɗigon ya yi kauri kada iska ta kai shi gonar maƙwabci. Na ƙwari yakan so bar 3, wajen psi 44. Amma abin da takardar maganin da ta bakin feshin suka ce shi ne gaba da maganata.

Mai tambaya kan ɗaure notin taya, ft-lb da Nm duka awon ƙarfin murɗa noti ne, ninka ft-lb da 1.36 ka samu Nm. Idan littafi ya ce ft-lb 100, saita sifanar awo a Nm 136, ka daina barin yaron gareji yana taka sifana da ƙafa.