Amsa ga Alhajinmu mai neman tsohuwar motar Ingila bayan aikin ƙugu

Salam Alhaji, Allah ƙara sauƙi. Na ga tambayarka tun jiya, cewa an maka aikin ƙugun hagu, yanzu da sanda kake tafiya, wani lokacin ma idan tafiyar da nisa sai da keken guragu, kuma kana so ka cika burinka na yarinta ka sayi tsohuwar motar Ingila mai buɗaɗɗen sama, ranka na kan MG Midget ko Triumph Spitfire, in kuɗi sun kai Jaguar E-Type. Na ga 'yan uwa sun yi ta kawo maganar inji da gudu da farashi. Ni dai ta wani gefen zan zo, don shekarata goma sha a nan Coventry ina fama da waɗannan tsofaffin, kuma ni ma gwiwar hagu ce ta sa na canza mota ba don ina so ba.

Tuƙin ba shi ne matsalar ba Alhaji, fitowa ce. Shiga kowa zai iya, ka saki jiki kawai ka faɗa ciki. Ni MGB gareni da farko, wato yayar Midget daga kamfanin MG, ranar da na san mun rabu a wajen ajiye motoci na wani kanti ne, wani ya zo ya faka dab da ni ƙofa ba ta buɗuwa sai rabi, rufin kuma a rufe saboda ana yayyafi. Na fito da ƙafar dama na taka ƙasa, ta hagu ta maƙale tsakanin sitiyari da kujera ta ƙi lanƙwasuwa, ga shi babu abin da zan kama in ɗago jikina, sai da na dafa dokin ƙofa da hannu biyu na fito kusan da rarrafe, tafin hannuna duk ruwa da yashi, wata tsohuwar baturiya tana tsaye da kwandonta tana tambayata ko ta kira min taimako. Dariya na yi mata amma wallahi a raina ba dariya ba ce.

To MGB kenan fa, wadda ta fi Midget girma nesa ba kusa ba. Midget da Spitfire ka cire su a lissafi, ba ƙin su nake ba, suna da daɗi, amma zama ne kamar a kan tabarma ƙafa a miƙe, ƙofar 'yar ƙarama, sitiyarin babba yana kan cinyarka. Kuma kai da aka yi wa ƙugu na tabbata likitocinka sun gaya maka ka guji kujerar da gwiwa za ta fi ƙugu tsayi, musamman a farko farko. Sannan dukkansu biyun manuwal ne, kuloci kuma ƙafar hagu ce ke taka shi, wato daidai wadda ake lallaɓawa. Ka kwatanta kanka a go-slow na rabin awa kana taka shi kana saki.

E-Type kuwa kyau kam babu magana, tun fitowarta 1961 ake mata waƙa, amma dokin ƙofarta faɗi ne da shi ga tsayi, sai ka tsallaka shi sannan ka gangara ciki, ko mai lafiya sai ya koyi dabarar. In dole sai ita to mai kujera huɗu ɗin nan da suka fara 1966, ta fi tsawo, ƙofarta ta fi girma kuma ana samunta otomatik, ta ƙarshen mai V12 ta 1971 kuma da sitiyari mai laushi take zuwa, wato wanda inji ke taimaka maka juya shi. Amma kuɗinta Alhaji, hmm.

Ni abin da na koma, kuma shi zan ce ka fara dubawa, Triumph Stag ce otomatik. An yi ta daga 1970 zuwa 1977, inji V8 mai lita 3, kuma dama ba don tsere aka yi ta ba, don doguwar tafiya cikin natsuwa ce, shi ya sa masu son gudu ke ɗan raina ta, mu kuwa masu gwiwa abin da muke nema kenan. Sitiyarinta mai laushi ne tun daga kamfani, ana ɗaga shi a sauke, gilasan ƙofa na lantarki, ƙofar doguwa ce saboda akwai kujerun baya, kujerar kuma ta fi ta MG tashi daga ƙasa sosai. Yadda nake shiga shi ne in juya baya in zauna tukuna ƙafafu biyu a waje, sannan in juyo da su tare, ina sa leda a kan kujera don jiki ya zame da sauƙi, dabarar da mai gashin ƙashi ta koya min kenan. Sanda kuma kujerar baya kawai nake jefa ta, keke mai naɗewa ma nan zai fi maka sauƙi idan an sauke rufi.

Amma kar in yabe ta in ɓoye maka halinta. Stag ta yi suna wajen zafin inji, duk wanda ya san ta ya san haka, don haka wadda za ka saya ka nemi takardun gyara ka ga an kula da lagireto da famfon ruwa, an canza sarƙar inji a kan lokaci, ka bar ta a kunne a tsaye minti ashirin kana kallon allurar zafi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wajen irinmu, mai lafiya idan mota ta tsaya masa a gefen babbar hanya zai tsallaka ƙarfen nan ya hau tudu ya jira, kai fa? Shi ya sa gara ka biya da tsada ka sayi wadda aka gama gyarawa da ka sayi mai arha ka ce a hankali za ka gyara, kwanciya ƙarƙashin mota ya wuce mu. Rufinta na ƙarfe kuma nauyi ne da shi sai mutum biyu, ni nawa yana jingine a gareji shekara nawa ban taɓa shi ba. Na tamfol ɗin ma sai ka fito ka zagaya kafin ka naɗe shi, yarona ke min.

In zuciyarka ta nace sai MG, akwai MGB otomatik da suka yi daga wajen 1967 zuwa 1973 amma kaɗan ne, sai an sha nema. Masu baƙar bambar roba na 1974 zuwa 1980 an ɗan ɗaga su daga ƙasa wajen inci 1 saboda dokar Amurka, masu son asali suna ƙyamarsu shi ya sa suka fi arha, kuma inci ɗayan nan gwiwa tana jinsa. Ana iya sa musu sitiyarin lantarki a ɓoye ƙarƙashin dashbod, daga nan sai ka sa ƙaramin sitiyari cinya ta samu hanya. Kar dai ka sa ƙarami ba tare da lantarkin ba, na gwada, wajen fakin kafaɗa ce za ta biya. Idan kuma keken ne zai zama na kullum, duba Reliant Scimitar GTE, bayanta ana buɗe shi kamar wagon, injin Ford V6, jikinta ba ƙarfe ba ne balle tsatsa ta ci, sai dai ka duba ƙashin ƙasan da kyau. Jaguar XJS ma kusan duk otomatik ne, amma ta fi yadda ake zato ƙasa, kuma ƙofarta nauyi.

Bangaren takardu a taƙaice, Motability, shirin nan na ba masu buƙata ta musamman hayar mota, ba sa bayar da tsofaffin motoci irin waɗannan, wannan daga aljihunka ne. Blue Badge, katin izinin fakin na masu buƙata ta musamman, naka ne ba na mota ba, duk wadda ka shiga yana aiki. Motar da ta haura shekara 40 za ka iya mata rajistar tarihi ka huta da harajin hanya da MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, amma ni duk shekara sai na kai tawa an duba birki. Duk abin da ka ƙara mata ka gaya wa inshora, in kuma ta kai ga sai an sa maka birki da totur na hannu to DVLA, hukumar lasisin tuƙi, ma sai sun sani, kuma cibiyoyin Driving Mobility suna gwada mutum su gaya masa abin da ya dace da shi, ka fara da su kafin ka kashe ko fam ɗaya.

Ranar da za ka je gani kar ka je da safe lokacin jiki na da ƙarfi, je da yamma bayan ka gaji. Ka ce mai motar ya rufe rufin, ya faka ta kusa da bango, ka shiga ka fita sau uku ba wanda ya kama ka, da Hajiya a gefe tana kallo don ita ba za ta ɓoye maka ba. Watan Nuwamba akwai babban baje kolin tsofaffin motoci a cibiyar baje koli ta NEC da ke Birmingham, ƙungiyoyin masu Stag da MG duk suna zuwa, in ka roƙa da ladabi da yawansu za su bari ka zauna a ciki. In ba za ka iya jira ba ka min magana ta inbox, tawa na nan, ka zo wata Asabar ka gwada, akwai shayi.