Haddace insha'i ba zai fisshe ki a WAEC ba

Ƙanwata, kin tambaya ko ki haddace insha'in Turanci da ke cikin littattafan tsofaffin tambayoyi da kika saya a Sabon Gari, ki juye ranar jarrabawa. A'a, kada ki yi. Ki karanta su don ki ga yadda ake tsara wasiƙa da muhawara, sannan ki rufe littafin, ki sa agogo a gabanki, ki rubuta naki na kalmomi 450 cikin minti 50, kamar yadda WAEC ke buƙata.

Amma da sharaɗi: dole wani ya bi rubutun da jan biro, in ba haka ba kuskurenki kawai za ki yi ta maimaitawa. A ɗaliban da nake wa darasin yamma a Gwale, abin da ya fi kayar da su shi ne lokacin aikatau, wato "tense". Yarinya za ta fara labari da "I went", layi uku a gaba ta koma "I go", ba ta ma lura ba. Maki 10 aka ware wa tsaftar rubutu, wato rashin kuskuren nahawu da ƙa'idojin rubutu, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci, kin ga kuskure 20 ya cinye su tas. Ki kai wa malaminku na Turanci yau, ko da shafi ɗaya ne.