Tambaya da Amsa: Yaya ake yi wa fayil ɗin hoton cekin banki rajista?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin haɗa manhaja a wani kamfani a Kano, kuma mun ƙirƙiri tsarin fayil da ke ɗauke da hotunan cek, gaba da baya, tare da bayanan da ke jikinsa, domin aikawa daga rassan wani banki zuwa hedikwatarsa. A yanzu muna tura shi da lakabin nau'in fayil (media type) na application/octet-stream, amma shugabanmu ya ce mu nema masa suna nasa na kansa. Ina za mu dosa? Kuma tunda hotuna ne a ciki, a rukunin image za mu saka shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shugaban naku ya yi gaskiya, domin lakabin da kuke amfani da shi ba ya gaya wa kwamfutar da ta karɓi fayil ɗin komai sai cewa ga tarin bayanai nan, ta yi yadda ta ga dama da su. Hukumar IANA, mai kula da sunaye da lambobin intanet, ita ce ke riƙe da kundin waɗannan sunaye, ƙa'idojin rajistar kuma suna cikin daftarin RFC 6838 na shekarar 2013. Ana cike fom ɗin a shafin hukumar na intanet, ba a biyan ko sisi, sannan wani ƙwararre da aka naɗa ya duba buƙatar, ya amince ko ya dawo muku da gyara.

Game da tambayarka ta biyu, shawarata ita ce kada ku saka shi a rukunin image. Wannan rukuni an tanade shi ne domin abin da manhajar kallon hoto za ta buɗe ta nuna, shi kuwa fayil irin naku kundin ciniki ne wanda hoto yake ɗaya daga cikin kayan da ke cikinsa. Dubi yadda abin yake a Amurka, inda dokar da ake kira Check 21 ta fara aiki a watan Oktoba na 2004, ta sauƙaƙa wa bankuna musayar hoton cek maimakon jigilar takardar kanta. Tsarin X9.37 da suka dogara da shi, da magajinsa X9.100-187, jerin layukan bayanai ne masu lamba: layi na 01 shi ne kan fayil, na 25 yana ɗauke da bayanan cek ɗaya, wato adadin kuɗi da lambobin da aka buga da tawada mai maganaɗisu a ƙasan takardar, na 52 shi ne ke riƙe da hoton, wanda yawanci nau'in hoto ne na TIFF, baƙi da fari, sai na 99 da ke rufe fayil da jimillar lissafi. Manhajar da ta ɗauki irin wannan a matsayin hoto ba za ta ga komai ba, kuma ko da ta gani, abin da banki ya fi buƙata shi ne jimilla ta dace da adadin cek ɗin da ke ciki. Saboda haka rukunin application ne mazauninsa. Da a ce hoton cek ɗaya tak kuke aikawa, da ma ba ku da buƙatar sabon suna, domin image/tiff yana nan tuntuni.

Sai batun reshen kundin IANA da sunan zai shiga. Tunda tsarin mallakar kamfaninku ne, reshen kamfanoni ya dace da ku, wanda sunayensa ke farawa da vnd., sai sunan kamfani, sai sunan tsarin. Babban reshe, wanda sunayensa ba su da irin wannan mafari, na IETF ne, wato ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, da hukumomin tsara ma'auni da aka amince da su. Ku guji fara suna da x-, ko da yake za ka gan shi birjik a tsofaffin manhajoji, domin daftarin RFC 6648 na 2012 ya yi hani da wannan al'ada. Ku kuma natsu wajen zaɓe, saboda rajista idan ta shiga ba a goge ta, iyaka dai a yi mata alamar cewa ta tsufa.

Kafin ku cike komai, ku tambayi bankin ko tsarin naku zai tsaya a cikin gida ne ko zai taɓa harkar tantance cek tsakanin bankuna. A Najeriya wannan harka tana bi ta hannun NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, a ƙarƙashin ƙa'idojin Babban Banki, wanda ya fara tantance cek ta hanyar hoto a Legas a 2012. Rajistar IANA suna kawai take bayarwa, ba ta zama izini daga waɗannan hukumomi ba.

Yawancin guraben fom ɗin ba su da wahala: za ku rubuta cewa fayil ɗin binary ne, wato ba rubutu zalla ba, ku faɗi haruffan da sunansa ke ƙarewa da su, da alamar farko da ake gane shi da ita, da wanda ke da ikon sauya rajistar nan gaba, wanda ya kamata ya zama kamfanin, ba ma'aikaci ɗaya da zai iya barin aiki ba. Idan tsakanin bankin da rassansa kaɗai zai yi yawo, ku zaɓi LIMITED USE a gurbin manufar amfani.

Gurbin da nake roƙon ku ba shi lokaci shi ne na tsaro. Ƙa'ida ta hana a rubuta cewa babu wata matsalar tsaro, kuma a nan dalilin a fili yake: cek yana ɗauke da sunan mutum, da lambar asusunsa, da sa hannunsa. Ku bayyana a sarari ko tsarin yana ɓoye bayanan da kansa ko ya dogara ne da hanyar da ake aika shi, kamar TLS, tsarin da ke ɓoye bayanai yayin da suke tafiya a intanet. Ku faɗi ko akwai sa hannun lantarki da zai tona asiri idan an sauya adadin kuɗi ko an musanya hoto a hanya. Ku ambaci haɗarin a gabatar da cek ɗaya sau biyu, tunda ana kwafar fayil ba tare da ya bar tabo ba. Ku kuma gargaɗi masu rubuta manhajar karanta shi cewa su tantance tsawon kowane layi kafin su amince da shi, domin fayil da aka lalata da gangan, mai da'awar tsawon da ba shi da shi, yana iya rushe manhajar ko ya buɗe ƙofa ga ɓarawo. Idan kun rubuta wannan sashe, ku ba ma'aikatan tsaron bayanai na bankin su karanta kafin ku miƙa fom ɗin.