Yaya enzayim ɗin bakteriya ke koyon lalata sabon magani?

Ka tambaya yadda bakteriya ke iya karya maganin da bai taɓa gani ba. Ɗauki TEM-1, wani enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) da aka fara samu a jikin bakteriyar E. coli a Girka cikin shekarun 1960. A farkon shekarun 1990 aka mayar da shi kiristal, aka haska masa eksre don a ga siffarsa, sai ga ɗan rami mai ɗauke da serin, ɗaya daga cikin amino asid (tubalan da ke jere su gina furotin), a matsayi na 70 a jerin, wanda ke tsinke zoben da ke cikin ƙirar sinadarin fenisilin. Siffarsa ta yi kama da furotin masu gina bangon bakteriya, alamar kakansu ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali: canjin amino asid ɗaya tak a matsayi na 238 yakan buɗe ramin, har sefotaksim, wani maganin kashe bakteriya da ya zo bayan fenisilin, ta shiga a tarwatsa ta. Canjin kan raunana enzayim ɗin, amma wani canji a matsayi na 182 sai ya maido masa ƙarfi.