Nawa zan ba kwantena? Amsar maigida ga ɗan koyo

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa manhajar da ka ɗora a gungun na'urorinmu na Kubernetes, tsarin da ke rarraba wa na'urori manhajoji, take mutuwa tana tashi bayan ka ba ta memori 256Mi (Mi kusan megabayit ɗaya ne), har kana shawarar ka ninka duk lambobin ka huta. Kada ka ninka tukuna, sai ka san aikin kowace lamba.

A fayil ɗin kwantena, wato ƙunshin da manhaja take gudana a cikinsa, akwai gurbi biyu, requests da limits. Na farko shi ne kason da kake nema a ware maka, kuma da shi mai rabon aiki na gungun yake zaɓar na'urar da ke da sauran wuri. Ba ya duba abin da ake ci a zahiri, alkawuran da aka riga aka ɗauka kawai yake lissafawa, shi ya sa wani lokaci za ka ga kwantena ta maƙale a Pending, wato jiran wuri, ana cewa furosesa bai isa ba, alhali na'urorin ba su da wani aikin kirki. Na biyu kuwa iyaka ce, wadda Linux yake tsarewa ta hanyar cgroups, tsarinsa na ƙayyade abin da kowane aiki zai ci.

A wurin iyakar nan ne furosesa da memori suka raba hanya, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Furosesa lokaci ake rabawa: 1000m daidai yake da furosesa guda, don haka idan ka sa iyakar 500m, a cikin kowane milisakan 100 kwantenarka tana da 50. Idan manhajar tana tafiyar da zaren aiki (threads) huɗu a lokaci guda, za ta cinye kasonta cikin milisakan 12.5, sannan a tsayar da ita har zagaye ya ƙare. Ba za ta mutu ba, ba kuma za ka ga kuskure a rubuce ba, sai dai masu amfani da ita su riƙa kukan jinkiri. Memori ba haka yake ba, domin abin da manhaja ta riga ta riƙe ba a iya karɓe shi cikin lalama. Idan ta buƙaci fiye da iyakarta kuma babu abin da za a sako, kashe ta ake yi nan take. Ka buga umarnin kubectl describe pod, ina da yaƙinin za ka tarar da OOMKilled da lamba 137, wato 128 a tara da 9, lambar siginar kisa.

Tun da manhajarka da Java aka rubuta ta, ka sani cewa sababbin nau'o'insa suna ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar kwantena a matsayin rumbun memorinsu (heap) idan ba ka faɗa musu komai ba, sai dai a ƙaramar iyaka kamar 256Mi kusan rabi suke ɗauka. Idan kuma kai ka ƙayyade rumbun da hannunka ya kai 256Mi ɗin gaba ɗaya, ka manta da zaren aiki da sauran abubuwan da suke cin memori a wajensa, to kisan dole ne.

Ni dai a aikina, memori nakan daidaita abin nema da iyaka, don kada na'ura ta ɗauki alkawarin da ba za ta iya cikawa ba ranar da kowa ya buƙaci nasa. Furosesa kuwa nakan tsananta wajen sa abin nema na gaskiya, iyakar kuma in sassauta ta, sai fa idan ana raba gungun da wasu da ya zama dole a kare su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar guraben babu komai, domin irin wannan kwantena tana cikin na farkon da ake kora idan na'ura ta shiga matsi.

Ka kuma kula da harafi: 400Mi memori ne mai kauri, amma 400m ƙasa da bayit ɗaya ne.

Yanzu ka ɗaga iyakar zuwa 512Mi na wucin gadi, ka bar manhajar ta yi mako guda kana bibiyar ta a Prometheus, manhajar da ke auna abin da ake ci, ka lura da lokacin tashinta da lokacin da jama'a suka fi yawa. Ka kawo mini mafi girman abin da ta ci, mu zauna tare mu ɗora rarar da ta dace a kai.