Yadda za a nuna wa yara ginin jarumi da dodo a labari

Malama, kin tambayi yadda za ki fahimtar da ɗalibanki na aji biyar a Argungu hanyar da mai labari yake bi wajen gina jarumi da dodo. Shawarata ita ce ki fara da abin da kunnuwansu suka saba ji kafin ki buɗe musu littafi.

Ki ɗauki macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Masu ba da labarin ba su cika tsayawa kan siffarsa ba. Abin da ya mai da shi abin tsoro shi ne hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, saboda haka ki tambayi yaran yadda gidansu zai kasance idan randa ta yi kwana shida a bushe. Daga nan za su gane cewa ɓarnar macijin ce ta ɗaukaka Bayajidda, baƙon da ya iso gari yana neman ruwa.

Ni dai Gizo ya fi yi mini daɗin koyarwa, domin ba shi da ƙarfi, ga kwaɗayi, amma wayonsa yana kayar da kura da zaki. Bayan haka, ki sa kowane yaro ya ƙirƙiro dodon da ya tare mashigin Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa, ya kuma rubuta abin da jaruminsa yake tsoro kafin ya tunkare shi.